Tsirya: Nazarin Kamanninta da Halayenta da Mazauninta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tsirya, koriyar tsuntsuwa mai doguwar jela daga dangin aku, wadda take zaune a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. An bayyana kamanninta da halayenta da wuraren da take rayuwa, an kuma bambanta ta da aku mai launin toka, wanda asalinsa tsuntsun kurmi ne. Maƙalar ta nuna cewa rayuwar tsirya ta rataya a kan kogon tsohuwar bishiya fiye da yadda ta rataya a kan abinci. Da wannan ne za a fahimci yadda ta yaɗu a biranen Turai, da kuma abin da ke iya rage ta a gonakin ƙasar Hausa.

Fitilun Kalmomi: tsirya, aku, kogo, mazauni, itatuwan gona

1.0 Gabatarwa

Wanda ya saba sammakon zuwa gona a lokacin kaka, a yankin da manyan itatuwa ba su ƙare ba, da wuya a ce bai taɓa jin wani kuka mai kaifi ya ratsa sama ba. In ya ɗaga kai da sauri zai hangi wasu korayen tsuntsaye, biyar ko goma, sun wuce kamar an harba kibau, jelarsu a miƙe. In ya yi jinkiri kaɗan sai dai ya ji kukan yana nisa. Waɗannan tsuntsaye su ne tsirya.

Nazarin Hausa ya daɗe yana bibiyar tsuntsaye a cikin karin magana da kirari da tatsuniya da waƙa. Abin da bai cika samun kulawa ba shi ne tsuntsun kansa: yadda yake, abin da yake ci, da inda yake kwana. Wannan giɓi yana da illa ga mai nazarin harshe, domin ma'anar sunan tsuntsu tana dogara ne da sanin tsuntsun. Idan ɗalibi bai san tsirya da idonsa ba, zai fassara ta da aku ya wuce, kuma da haka kalma take mutuwa tun abin da take nufi yana shawagi a bisa kan mutane.

Masana kimiyyar tsuntsaye suna kiran tsirya Psittacula krameri. Wani likita masanin halittu mai suna Giovanni Antonio Scopoli ne ya fara bayyana ta a rubuce da tsarin kimiyya a shekarar 1769, ya raɗa mata sunan Wilhelm Heinrich Kramer, wani likitan da ya yi aiki a Ostiriya. Ƙasar da aka danganta wannan bayani na farko da ita ita ce Senegal, wato da tsiryar Afirka ta Yamma aka fara kafa sunan. A 'yan shekarun nan wasu masana sun mayar da ita cikin wata zuriya da suka kira Alexandrinus, don haka mai bincike zai iya cin karo da sunayen biyu.

2.0 Tsakanin Aku da Tsirya

Hausa ta bambanta tsuntsayen biyu da suna, kuma ƙamusoshi tun daga na Bargery na 1934 sun adana wannan bambanci. Aku, a ma'anarsa ta kusa, shi ne tsuntsun nan mai launin toka da gajeriyar jela ja, wanda ake sakawa a keji don iya maganarsa. Nauyinsa yakan kai giram 400. Mazauninsa kurmi ne, daga Kwaddebuwa da Gana zuwa kudancin Nijeriya da Kamaru da kwarin Kwango, har gefen Kenya da Tanzaniya. Ba ya rayuwa a dajin Katsina ko na Damagaram. Duk aku mai launin toka da aka gani a ƙasar Hausa, a keji ya zo.

Abin lura a nan shi ne a harshen Tuwi na mutanen Asante ana kiran wannan tsuntsu akoo. Idan aka tuna da fataucin goro da ya haɗa Kano da Gwanja shekaru aru-aru, kamannin kalmomin biyu ya cancanci masu nazarin aron kalmomi su tsaya a kansa. Tsirya kuwa 'yar gida ce. Ba fatake ne suka kawo ta ba, kuma wataƙila shi ya sa ba ta samu girman da baƙo ya samu ba.

A rubutaccen adabi sunan aku ne ya yi fice. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, aku ne yake riƙe ɗan sarki Musa da labarai dare bayan dare don hana shi fita, kuma tsuntsun ya iso fada ne a matsayin hajar sayarwa. Wannan tsari na tsuntsu mai hana fitar dare da labarai tsoho ne a adabin Indiya da Farisa. Akwai shi a Shukasaptati na harshen Sanskirit, mai labarai 70, inda tsuntsun yake tsare wata mata da mijinta ya yi tafiya. Akwai shi kuma a Tutinama da Nakhshabi ya rubuta da Farisanci wajen 1330, mai labarai 52. A zane-zanen da aka yi wa Tutinama a fadar sarki Akbar, mai ba da labarin koren tsuntsu ne mai jan baki. Ke nan tsuntsun hikimar da Gabas ta sani ɗan gidan su tsirya ne, ba aku mai launin toka ba. Haka ma marubucin Rumawa Pliny, a ƙarni na farko na Miladiyya, ya siffanta tsuntsu mai magana da ake kawowa daga Indiya da cewa kore ne mai jan zobe a wuya.

Akwai kuma wani ɗan dangin da ke zaune tare da tsirya a dajin ƙasar Hausa, wanda bai kamata a rikita su ba. Masana suna kiransa Poicephalus senegalus. Gajere ne mai kauri, tsawonsa kimanin santimita 23, kansa toka-toka, cikinsa rawaya ko ruwan goro, jelarsa gajeriya. Jela kaɗai ta isa ta raba gardama ko daga nesa.

3.0 Kamannin Tsirya

Tsawon tsirya daga baki zuwa ƙarshen jela kimanin santimita 40 ne, amma wannan adadi yana ruɗi, domin jela ta ɗauke fiye da rabinsa. In aka cire jelar, jikin bai wuce na kurciya ba, kuma nauyinta yana tsakanin giram 100 zuwa 140. Gashin jelar ba tsawo ɗaya ba ne: biyu na tsakiya su ne mafiya tsawo da siranta, suna da ratsin shuɗi da ɗan rawaya a ƙarshe, sauran kuma suna raguwa daki-daki zuwa gefe. Ƙarƙashin jela da na fukafukai ya fi karkata ga rawaya. Fukafukan dogaye ne masu tsini, irin na tsuntsun da aka halitta don cin dogon zango cikin sauri.

Jikin kore ne, ya fi haske a fuska da ciki, ya fi duhu a fukafukai. Wannan kore yana da wani sirri da ya kamata a sani. Babu koren rini a gashin tsirya. Abin da ke akwai shi ne wani rawayan sinadari da dangin aku kaɗai suke sarrafawa a jikinsu, sai kuma tsarin ƙananan ramuka a cikin gashin da ke mayar da shuɗin haske. Haɗuwar rawaya da shuɗi ce ido yake gani kore. Dalili ke nan da masu kiwonta a keji suke samun shuɗiyar tsirya idan aka haifi wadda ba ta da rawayan sinadarin, suke kuma samun rawaya zalla idan baƙin sinadarin da ke taimaka wa shuɗin ya ɓace. A daji irin waɗannan launuka ba su cika ɗorewa ba, saboda shaho yana hango su. Koriyar kuwa, da zarar ta sauka cikin ganyen cediya ko maɗaci ta yi shiru, ta ɓace ke nan. Mutum zai iya tsayawa a gindin bishiyar da tsirya ashirin suke ciki bai ga ko ɗaya ba, sai ɓawon 'ya'yan itace da ke zubo masa.

Namiji ya bambanta da mace a wuya. Yana da baƙin zane da ya taso daga haɓa ya zagaya ƙarƙashin kumatu yana sirancewa, sannan ya haɗu da wani siririn zobe mai ruwan hoda da ya kewaye ƙeya. Sama da zoben akwai ɗan shuɗi-shuɗi. Akwai kuma wani baƙin layi siriri daga hanci zuwa ido, kamar an ja kwalli. Mace ba ta da zoben, sai dai wata inuwa ta kore mai haske da ba a ganinta sai an matso. Ƙananan da ba su balaga ba, maza da mata, duk kamar uwar suke, kuma namiji ba ya samun zobensa sai ya kai shekara biyu zuwa uku. Saboda haka duk wanda ya ƙirga masu zobe a cikin gungu ya ce su kaɗai ne maza, ya yi kuskure.

Ƙwayar idon babba fara ce mai ɗan rawaya, da jan da'ira a fatar da ta kewaye ta. Baki lanƙwasasshe ne mai ƙarfi, kuma na sama yana da gaɓa a inda ya haɗu da ƙoƙon kai, yana motsi da kansa. Harshe kakkaura ne. Yatsun ƙafa huɗu ne, biyu suna duban gaba, biyu baya. Da wannan ƙafa take riƙe abinci ta kai baki kamar mai hannu, kuma wajen hawan reshe bakin yana zama mata ƙafa ta uku.

Masana sun kasa tsirya gida huɗu. Biyu suna Afirka: ta yamma, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, da ta gabas da ake samu daga gabashin Sudan zuwa Iritiriya da Habasha da Jibuti. Biyu suna Asiya: ta arewa a Pakistan da arewacin Indiya da Nepal har Bama, da ta kudu a kudancin Indiya da Siri Lanka. Na Asiya sun fi girma kaɗan, bakinsu ya fi kauri da ja. Tsiryar Afirka ta Yamma korenta ya fi kusa da rawaya, bakinta na sama ja ne mai duhu da baƙi a tsini, na ƙasa kuma baƙi ne. Mafi yawan hotunan da ake gani a intanet na tsiryar Asiya ne, don haka mai neman hoton da zai sa a ƙamus ko littafin makaranta sai ya duba baki tukuna.

4.0 Halaye

4.1 Yini da Kwana

Tsirya ba ta zaman kaɗaici. Da rana tana yawo cikin ƙananan gungu, da yamma kuma gungun suna taruwa a makwanci guda, galibi wasu dogayen itatuwa da suke komawa kullum, wani lokaci shekara da shekaru. A Indiya da wasu biranen Turai makwanci ɗaya yakan tara dubbai. Kafin faɗuwar rana wurin yakan cika da hayaniya, ana sauka ana tashi ana sauya reshe, sai duhu ya shiga a yi tsit. Da asuba su watse. Tana iya yin tafiyar kilomitoci tsakanin makwanci da wurin kiwo, kuma hanya ɗaya take bi safe da yamma, abin da ya sa masu ƙidayar tsuntsaye suke jiranta a makwanci maimakon bin ta daji.

Ba ta yin ƙaura mai nisa kamar shamuwa. Abin da take yi shi ne bin abinci daga wuri zuwa wuri gwargwadon nunar 'ya'yan itace da hatsi. Tana buƙatar ruwan sha a kai a kai, shi ya sa da rani aka fi ganinta a bakin gulbi da fadama da lambuna.

4.2 Abinci

Abincinta tsaba ne da 'ya'yan itace da fure da toho. A Afirka an san ta da ɓaure da danginsa, da magarya da kurna, da tsamiya, da 'ya'yan gawo, da gwaiba da dabino inda ake da su, sannan gero da dawa idan sun fara nuna. Wani abu da ya bambanta ta da yawancin tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace shi ne ƙwayar take nema. Jemage yakan haɗiye ɗan itace ya kashe tsabar a wani wuri ta tsiro. Tsirya kuwa fasa tsabar take yi ta cinye cikinta. Ga ta kuma da ɓarna: takan gutsuri ɗan itace sau ɗaya ko biyu ta yar, ta kama wani. A zangarniyar dawa ma haka take yi, abin da ta zubar yakan fi wanda ta ci.

A Indiya da Pakistan wannan hali ya sa ta shiga sahun manyan maɓarnatan gona, musamman ga masara da furen rana da gonakin 'ya'yan itace. A jihar Madhya Pradesh har gonakin da gwamnati ta ba izinin noman tsiron da ake samun ofiyom daga gare shi take kai wa hari. A yankin Sahel ɓarnarta ba ta kama ƙafar ta jan baki ba, wanda yake sauka dubu-dubu ya share gona a yini guda. Yawan tsirya a nan bai kai na Asiya ba, kuma majajjawa da kaɗa gwangwani sukan kore ta, ko da yake tana saurin gane abin tsoron da ba ya cutarwa, kamar mutum-mutumi.

4.3 Murya

Kukanta na yau da kullum ƙara ce mai kaifi da take maimaitawa, a sama ko a kan reshe, don gungu ya san inda kowa yake. Tana da wasu sautuka masu taushi da ma'aurata suke yi a tsakaninsu. Tana cikin tsuntsayen da suke koyon sauti da kunne, kuma wadda aka raina a hannu tun tana ƙarama takan kwaikwayi kalmomi da fito, da wata siririyar murya kamar ta yaro. Ba ta kai aku mai launin toka kwaikwayon muryar wani mutum takamaimai ba. Sautin yana fitowa ne daga wata gaɓa a ƙasan maƙogwaro, inda bututun iska ya rabu biyu, harshe kuma yana gyara shi. Kwaikwayon maganar mutum hali ne na wadda aka raba da 'yan'uwanta, ta ɗauki mutanen gida a matsayin gungunta. A keji takan rayu shekara 20 zuwa 30, abin da masu saye da yawa ba sa sawa a lissafi.

4.4 Aure da Kogo

Tsirya mace ɗaya take da namiji ɗaya, kuma sukan daɗe tare. Neman aurensu abin kallo ne: namiji yana takawa a hankali a kan reshe, yana miƙe wuya, yana ɗaga ƙafa ɗaya, mace kuma tana karkata kai tana ɗan buɗe fukafukai, baƙin idonsu yana ƙanƙancewa yana buɗewa. Daga nan namiji ya amayo abinci ya ba ta baki da baki. Wannan ciyarwa gwaji ce ta abin da ke tafe, domin idan ta shiga kwanci shi ne zai riƙa ciyar da ita.

Ba ta saƙa sheƙa. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk rayuwarta. Tana yin ƙwai ne a cikin kogon bishiya, ko wanda ruɓewar reshe ta bari, ko tsohon ramin maƙwaƙwafi. Tana iya faɗaɗa bakin ramin da bakinta idan itacen ya yi laushi, amma ba ta iya sassaƙa sabon rami a lafiyayyen itace. Ba ta kai ciyawa ko tsinke ciki, a kan ɗan garin itacen da ke ƙasan ramin take zuba ƙwai. Ƙwan farare ne, galibi 3 ko 4. Mace ce kaɗai take kwanci, na kwana 22 zuwa 24. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa tsirara, idanu a rufe, kuma sukan yi kimanin mako bakwai kafin su fita. Idan aka haɗa da lokacin neman ramin da tsaronsa, ma'aurata suna buƙatar kogo guda na wata uku ko fiye, ba tare da an taɓa shi ba.

Kogo kuwa ba ita kaɗai take nemansa ba. Cilakowa da mujiya da jemage da ƙudan zuma duk a nan suke fakewa. Tsirya ba ta tsare fili mai faɗi kamar wasu tsuntsaye, ma'aurata da yawa sukan zauna a bishiya ɗaya idan ramuka sun wadata. Amma bakin raminta tana kare shi da cizo mai tsanani, kuma mace ce ta fi zafi.

5.0 Mazauni

Babu wani ɗan dangin aku da asalin mazauninsa ya kai na tsirya faɗi, kuma ita kaɗai ce take da gida na asali a nahiyoyin Afirka da Asiya duka. A Afirka mazauninta ɗamara ce da ta ratsa nahiyar a kudu da Sahara: daga Senegal da Gambiya da kudancin Muritaniya, ta Mali da Burkina Faso da arewacin Gana, ta kudancin Nijar da arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru, ta Cadi da Sudan, har Bahar Maliya. Wanda ya san taswirar zangunan Hausawa zai ga kusan hanyar alhazan ƙasa ce ta dā. Ba ta shiga kurmi mai duhu, ba ta kuma zama a hamadar da babu itace. Abin da take so shi ne daji mai itatuwa jefi-jefi, da kurmin bakin rafi, da gonaki masu manyan itatuwa, da lambunan gefen gari.

Daga wajen tsakiyar ƙarni na 20 ta samu mazauni na uku. Cinikin tsuntsayen keji ya kwashe ta da yawan gaske zuwa Turai da wasu nahiyoyi, wasu suka kuɓuce, wasu aka sake su. A Ingila an tabbatar da hayayyafarta a waje tun wajen 1969, kuma yanzu tana cikin tsuntsayen da aka saba gani a lambunan Landan. A Brussels ta Beljiyam wani mai gidan namun daji ya saki kimanin 40 a 1974, zuriyarsu ta zama dubbai. Wata ƙidaya ta nuna cewa zuwa ƙarshen 2015 akwai fiye da 85,000 a ƙasashen Turai goma. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna yawancinsu daga arewacin yankin Indiya kakanninsu suka fito, inda dama ana sanyi, ba daga Afirka ba.

Abin tambaya shi ne yadda tsuntsuwar ƙasa mai zafi ta zauna a inda ƙanƙara take sauka. Jure sanyi na gado ya taimaka, haka ma abincin da mutanen can suke rataya wa tsuntsaye a bayan gida. Amma babban abin shi ne lambunan shaƙatawa na biranen Turai cike suke da itatuwan da suka haura shekara ɗari, masu ramuka, waɗanda ba mai sara. Ga shi kuma tana fara neman rami tun sanyi bai gama wucewa ba, kafin tsuntsayen ƙasar su shirya. A Beljiyam an nuna tana ƙwace ramuka daga wani ƙaramin tsuntsu mai bin jikin itace. A wani lambu na birnin Sebiya a Sifen, wanda Larabawa suke kira Ishbiliya, an ga tana kashe wani nau'in babban jemage da ba shi da yawa a duniya, tana gaje ramukansa. Tsibiran Seshel sun kai ga kawar da ita gaba ɗaya, aka kashe ta ƙarshe a 2017, don kare baƙin akunsu na tsibirin Praslin daga gasa da cuta. A ko'ina rigimar a kan kogo take.

6.0 Tsirya da Itatuwan Gona

A jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya tsirya tana cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Tana kuma cikin 'yan dangin aku huɗu kacal da yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji ba ta sa wa takunkumi ba. Aku mai launin toka kuwa an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun taron 2016, bayan bincike ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta daga 1992. Sai dai wannan kwanciyar hankali game da tsirya lissafin duniya ne gaba ɗaya, wanda yawanta a Indiya da ƙaruwarta a Turai suka rinjaya. Bai ce komai ba game da wani ƙauye a Katsina ko Maraɗi.

Gonar Bahaushe ta gargajiya, mai kuka da tsamiya da gawo da ɗorawa da kanya tsaye a tsakiyar gero, kusan an yi ta ne daidai da buƙatar tsirya: ga hatsi a ƙasa, ga 'ya'yan itace a sama, ga kogo a jikin tsofaffin itatuwa. Gawo ma yana da wata falala ta daban, domin da rani yake ganye ya yi 'ya'ya, lokacin da sauran abinci ya yi ƙaranci. Matsalar ita ce bishiyar da ta fi amfani ga tsirya ita ce wadda mai gona ya fi saurin yanke wa hukunci. Ta tsufa, ta yi kogo, wani reshe ya bushe, sai a ce ta gama amfani, a sayar wa masu itacen girki ko masu gawayi. Masu ɗiban 'ya'yan tsuntsu don sayarwa su ma sukan fasa bakin ramin da gatari, a rasa 'ya'yan bana, a kuma rasa ɗakin baɗi. Hatsi ba zai yanke a ƙasar Hausa ba, amma ƙauye zai iya wayar gari da gero fal babu rami ko ɗaya da tsirya za ta yi ƙwai. Da yake tana da tsawon rai, za a ci gaba da ganin manya suna wucewa shekaru da dama bayan haihuwa ta tsaya, ba wanda zai lura.

Dashen sababbin itatuwa ba ya maye wannan gurbi da wuri. Dalbejiya da turare da ake dasawa suna ba da inuwa da itace, amma ana sare su tun ba su yi tsufan da za su yi kogo ba. Abin da ya fi ba da fata shi ne abin da ya faru a jihohin Maraɗi da Damagaram daga shekarun 1980, inda manoma suka koma rainon tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwan gida a gonakinsu. An ƙiyasta wannan aiki ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Na farkon cikinsu yanzu suke cika shekara arba'in. Sai a irin wannan girma ne reshe yake fara mutuwa a jikin uwa, ruwa ya shiga, maƙwaƙwafi ya samu inda zai sara.